Bulala a Wuya, Tamfol a Baya

Da sunan Allah nake farawa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai takardun makaranta, don haka in kun ga na yi tuntuɓe ku ɗauke kai. Sunana Akilai, shekarata ashirin da ɗaya. Abin da zan faɗa muku ko aminiyata ban faɗa wa ba, domin ni ce mai laifi a cikinsa.

Duk shekara in ƙanƙara ta narke, tarakta kan jawo taragonmu daga ƙauye zuwa makiyayar Suusamir da ke cikin duwatsu. Gidan ƙarfe ne a kan taya huɗu, shuɗi, fentin ya ɓare ta gefen da iska ke duka. A ciki akwai gado mai hawa biyu, murhun ƙarfe, akwatin Apa, wato mahaifiyata, da aka jibga wa barguna, da ɗan kanta inda nake jera littattafaina. Amma ba a ciki muke rayuwa ba, a ƙarƙashin rumfar da ke jikinsa muke yini. Nan Apa ke shanya dunƙulen cuku a kan tabarmar kara, nan salkar nonon goɗiya ke rataye, nan Ata, mahaifina, ke zama da farar hularsa yana karɓar baƙi. Shi ya ɗinka rumfar da hannunsa tun kafin a haife ni. Faci ya hau kan faci, bana kuma iska ta tsaga kusurwa ɗaya.

Wannan tsagar ita ce ƙofar da na hango wa saurayina Meder.

A Bishkek, babban birninmu, na haɗu da shi, inda nake karatun koyarwa. Sana'arsa ɗinkin tamfol na manyan motoci a bayan kasuwa. A birni aka haife shi, yana da sanyin magana, yatsunsa duk kanta. Ranar da Apa ta kai wa Ata zancensa, sai da ya shanye shayinsa tas sannan ya ce shi bai haifi 'yar da zai ba namijin da bai san sirdi ba. Yayana Kubat kuwa dariya ya yi har da buga cinya, ya ce a kawo telan ya rage masa wando. Shi Kubat yana da wani aboki mai goɗiya arba'in, kullum sai ya san yadda ya cusa sunansa a cikin hira.

Ba a samun sabis sai a kan tudun da ke bayan turken dawaki. Can nake hawa da sunan karatu.

Na rubuta masa: "Tsawo taku shida, faɗi huɗu."

Ya amsa: "Takun wa? Naki ko na Ata? Nemo tef, malama, ba labari muke ɗinkawa ba."

Na auno da tef ɗin Apa, na ɗauki hoton kwararon ƙarfen da bakin rumfa ke shiga a saman taragon, na tura masa. Ya ce ranar Laraba zai kawo. Da a nan na tsaya, da ba ku da abin karantawa yau. Amma sai na ƙara:

"In ka sauka a bakin titi kada ka taho a ƙafa. Ari doki wurin masu sayar da nono. Ina so Ata ya fara ganinka a kan sirdi."

"Akilai, doki ɗaya na taɓa hawa, na roba ne, a wurin wasan yara."

"Daina ƙanƙan da kai. Zama kawai za ka yi."

Wallahi na ɗauka wasa yake. Ni da aka ɗora a kan doki tun ban iya magana ba, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai ƙaton namijin da zai kasa ba. Kamar a ce maka wani bai iya tafiya ba ne.

Sai wani abu da ya kamata ku sani. Babban yayanmu Talant yana aikin gini a ƙasar Rasha, kuma ranar Larabar nan kwanansa tara ba a same shi a waya ba. Apa ta daina cin abinci. Ata kuwa ko tsuntsu ne ya tashi ta wajen titi sai ya ɗaga kai.

Da la'asar muna ƙarƙashin rumfa. Na sa doguwar rigata koriya mai ƙananan furanni da 'yar shara ta karan-miski, na riƙe littafi ina kallon layi ɗaya tun azahar. Sai Apa ta ajiye ludayi.

Ƙura ce ta taso daga gangaren titi. A cikinta doki ne a sukwane, ya miƙe wuya, kai tsaye ƙofarmu ya nufo. Mahayin ya kife a kan wuyan dokin yana kururuwa, wani abu baƙi yana kaɗawa a bayansa.

Ba a sukuwa zuwa ƙofar mutum. Ko wanda aka yaye jiya ya san wannan. Baƙo tun daga nesa yake jan linzami ya ƙaraso a hankali. Mutum ɗaya ne ke zuwa a guje yana kuka, wanda ya kawo mutuwa.

Apa ta ce, "Talant." A hankali ta faɗa, kamar tana tashinsa daga barci. Sannan ta fizge kallabinta, ta kafa farcenta goma a kumatu ta ja ƙasa. Na ga jini ya biyo layi-layi zuwa haɓarta. Ata ya miƙe, hularsa ta faɗi cikin toka, bai ko duba ba.

Ni kaɗai na gane jar rigar sanyin, ta Meder ce. Ni kaɗai na gane cewa abin da ke kaɗawa tamfol ne da ya warware daga bayan sirdi, yana dukan gindin dokin, shi ya haukata shi.

Dokin ya afka cikin igiyoyin rumfa. Turaku suka tumɓuke suna tashi sama kamar an harbo su. Dirkar ƙarfe ta tsakiya ta juyo ta sauka a kafaɗar Ata, na ji ƙarar ƙashi. Rumfar ta yage tun daga kwararo har ƙasa, salka ta fashe, nono ya malale, cukun wata guda ya koma ƙarƙashin kofato. Meder ya faɗo, ƙafarsa ɗaya a maƙale cikin likkafa, dokin ya ja shi a kan tsakuwa kafin takalmin ya fita.

Kubat ya taho daga wurin goɗiyoyi da gudu. Ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga shi sama.

"Wa ya mutu? Faɗi sunan, ka ji ko? Faɗi."

Meder ya tofar da jini. Ya ce, "Ba wanda ya mutu, Baike. Rumfa na kawo." Baike muke ce wa yaya.

Ana jin nono yana ɗiga daga matakalar tarago. Kubat ya dubi fuskar Apa, ya dubi Ata da ke durƙushe riƙe da kafaɗa, sannan ya zaro bulala daga bakin takalminsa.

Bulalar Kubat ta fatar sa ce, saƙa takwas, da dalma a baki. Ta farko ta fasa girar Meder. Ta biyu ta raba rigar sanyin gida biyu. Daga nan na daina ƙirgawa. Duka yake yana zagi, yana kiransa ɗan kwalta, jikan allura, wanda ya binne masa Talant da rai. Da Meder ya faɗi ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari. Meder bai rama ba, bai gudu ba, hannayensa kawai ya cusa a hammata. Daga baya na gane yatsunsa yake karewa.

Kubat ya taka masa ƙirji yana haki. "Uban wa ya ce ka hau doki? Kai da ko jaki ba ka sani ba?"

Meder ya ɗago ido ɗaya, ɗayan jini ya rufe shi. Ya dube ni. Ina tsaye taku biyar daga gare shi, littafi a ƙirjina, yatsana har lokacin yana cikin shafin da na tsaya. Kalma huɗu ce kawai: ni ce na ce. A littattafai yarinya takan faɗa tsakani. Ni kuwa ina nan inda nake tsaye.

Ya mai da kansa ƙasa ya ce, "Ni na sa kaina."

Ata ne ya tsai da abin. Ya ce ya isa, ba za a kashe mutum a ƙofarsa ba, a bar shi ya tafi kada ya sake waiwayo wannan kwarin. Kubat ya dunƙule tamfol ɗin ya jefe shi da shi. Meder ya naɗe shi a hankali yadda masu sana'a ke yi, ya saɓa, ya bi hanyar titi yana ɗingishi. Ni kuma na ɗebo ruwan ɗumi na wanke wa Apa fuska, tana sa min albarka. Ku yi tunanin wannan.

Washegari da sassafe na hau tudu. Saƙo biyu suka shigo. Na farko hoton Talant ne, yana dariya da cokali a baki, wai wayarsa ce ta faɗa cikin kwaɓin siminti sai jiya ya samu wata. Na biyu na Meder ne:

"Ina bakin titi. Tsohuwar da ta ara min doki ta ɗinke min gira da zarena, hannunta ya fi nawa. Ta faɗa min abin da na kawo ƙofarku, ta kuma koya min abin da ake yi. Ki tattara turakun da suka tsira."

Na rubuta masa kada ya zo, Baike zai kashe shi. Na ga alamar ya karanta.

Na juyo da gudu don in kai wa Apa albishir, sai na tuna mai gudu mutuwa yake kawowa, na ja birki. A hankali na ƙarasa gida kamar mai ɗauke da ƙwai. Apa ta rungume wayar tana kuka, hawaye na shiga cikin yagar fuskarta tana cije leɓe. Kubat ya kalli hoton ya daɗe, sannan ya fita.

Wajen azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga yamma. Taragon ya yi tsirara, kwararon ya lanƙwashe, tsumman tsohuwar rumfa na reto. Ata na zaune a matakala, an ɗaure masa hannu da kallabin Apa. Shi ya fara hango Meder.

A ƙafa yake tafe, a hankali, tamfol a baya. Fuskarsa ta kumbura ta yi shuɗi. A wuyansa kuwa bulala ce a rataye, kanta da bakinta suna reto a ƙirjinsa. Ya tsaya nesa da ƙofa, ya sauke kayan, ya durƙusa.

Ya kira Ata da sunan da muke girmama dattijo da shi, ya ce, "Aksakal, ga wuyana, ga bulala. Na tsorata uwa, na karya uba, na rushe inuwa. Biyun farko sai dai ku yafe. Ta ukun ina iya gyarawa."

Wanda ya zo da bulala a wuya ba a taɓa shi. Duk wanda ya ɗaga masa hannu, abin kunyar har jikokinsa. Kubat ya san haka, na ga yadda jijiyar wuyansa ke harbawa. Ya zagaya Meder sau biyu. Sannan ya zaro wuƙar yankan nama, ya shure tamfol ɗin ya baje, ya caka ta a tsakiya ya fara ja.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai ga kaina a kife a kan tamfol, na ji wani sanyi ya ratsa tafin hannuna, sannan zafi. Wuƙar ta faɗi daga hannun Kubat.

Na ce, "Ni ce. Ni na ce ya ari doki. Ya faɗa min bai iya ba, na ce ya daina ƙanƙan da kai. Yana nan a waya."

Ata ya ce in karanta. Na tsaya jini na bin gwiwar hannuna yana ɓata koriyar rigata, na karanta musu komai, har da dokin roba. Ban taɓa jin muryata ta yi muni haka ba. Ina rufe baki Apa ta taso ta ɗauke ni da mari, na farko a rayuwata, har ɗan kunnena ya yi tsalle. Ta ce ba don dokin ba ne, don jiya ne, da na tsaya ina kallo ana dukan bawan Allah a kan laifina, na kuma zo ina karɓar albarka. Sannan ta yagi gefen zanen gurasa ta ɗaure min hannu da ƙarfin da ya fi marin ciwo.

Ata ya dubi Meder. "Me ya hana ka faɗi sunanta?"

"Bulalar ta riga ta saba da bayana, Aksakal. Ban ga amfanin a koya mata wani ba."

Ata ya gyara zama. Ya ɗaga kai ya dubi hadarin, ya dubi ragowar cukun da Apa ta tsince. Ya ce, "To tela, ga ruwa nan. Mu ga allurar."

Meder bai cire bulalar ba, da ita a wuya ya yi aikin. Ya zauna a ƙasa ya haɗa bakin yankan, ya ɗora ƙyalle sama da ƙasa, ya bi shi da basilla da zare mai kaki, layi biyu, yana jan kowane ɗinki har sai ya yi ƙara. Jinina na nan a wurin, ya ɗinke da shi. Ya hau kan taya ya miƙar da kwararon da guduma, duk bugu ɗaya sai ya riƙe haƙarƙari. Ya nemi kitsen jelar tunkiya wurin Apa ya shafe cikin kwararon, ni ina tura bakin tamfol daga ƙasa da hannu ɗaya, shi yana ja daga sama, har ya shige tsaf.

Wajen kafa dirkoki suka yi musu. Meder ya ce sai an rage tsawon ta gefen gabas da taƙi ɗaya don ruwa ya riƙa gangarewa. Ata ya ce shekara ashirin da biyar rumfarsa a miƙe take kamar mutumin kirki. Meder ya ce shi ya sa ruwa ke kwana a tsakiyarta har ta ruɓe. Na runtse ido ina jiran wata bulalar. Ata ya yi tsaki kawai, ya ce 'yan birni ko inuwarsu a karkace take, a yi yadda Meder ya ce. Amma da aka zo kan turaku Ata ne ya karɓi ragama, ya ce a kafa su a kishingiɗe suna kallon waje, a danne kowanne da dutse, don ƙasar nan ba ta riƙe abin da ya tsaya mata a tsaye. Ya umarci Kubat ya riƙe dirkar tsakiya, wadda ta karya wa shi Ata kafaɗa. Kubat ya riƙe, idonsa a kan hannuna.

Muna ɗaure igiya ta goma sha biyu ƙanƙara ta sauko, manya kamar ƙwan tantabara. Ta yi ta dukan tamfol har ba ma jin maganar juna. Iska ta shiga ƙarƙashinsa ta kumbura shi, igiyoyi suka yi ta kuka, taragon kansa yana girgiza a kan tayoyinsa. Ɗinkin bai motsa ba. Ruwa ya bi gefen gabas ya zuba, tamkar an yi masa hanya.

Da aka ɗauke, Ata ya taso ya sa hannunsa mai lafiya ya cire bulalar daga wuyan Meder. Ya ce Apa ta kawo gurasa da nono. Meder ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya sha duk da fasasshen leɓensa.

Ata ya ce, "Baki kowa yana da shi. Ranar da tarakta ta zo ɗaukarmu da kaka, in rumfar nan tana tsaye, ka turo manyanka. In ta faɗi, ko iska ce ko aljani, kada in sake ganinka. Kuma su zo a mota."

Apa ta yi dariya ta dafe kunci. Kubat ya ɗauki wuƙarsa daga ƙasa, ya goge ta a cinya, ya tafi wurin dawaki.

Kafin Meder ya tafi ya nuna min yadda ake duba igiya: ka ja ta da yatsa ka saki, in ta amsa da murya ɗaya lafiyarta ƙalau. Ban iya ba shi haƙuri ba. Shi ma bai nema ba. Sai da ya ɓace a gangare na tarar ya saka min basillarsa da ƙullin zare a cikin littafina, daidai shafin da na tsaya ranar Laraba.

Kwana sittin da uku suka rage tarakta ta zo. Na ƙirga.

Yau da safe, kafin tatsa, na zagaya rumfar ina jan igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta bakwai, ta kusurwar yamma inda iska ke fara duka, ba ta amsa ba. Na durƙusa na kankare lakar da aka shafa mata a gindin turke. Tufka uku ce igiyar. An yanke biyu daga ƙasa, yanka mai kyau, irin na wuƙar da aka wasa.

Na zaro basilla daga aljihuna. Hannuna mai ciwo ya ƙi riƙe zaren, na kama shi da haƙori. Ina cikin haka inuwa ta rufe ni, na ji ƙamshin sirdi da taba.

Kubat ya tsuguna kusa da ni, ya miƙo min kwanon shayi mai zafi kamar yadda yake yi tun ina ƙarama.

Ya ce, "Sha, ƙanwata. Guda ɗaya kika gano?"